Yadda za ka tilasta ma sanduna su bi layin da kake so a girafik

Ƴan uwa masu aiki da alƙaluma nan Yamai, wannan matsalar ina ganinta kullum a rahotannin ɗalibai. Mutum ya ɗauko ƙidayar jama'a ta 2012 daga INS, hukumar ƙididdiga ta Nijar, ya zana girafik na sanduna na jihohi takwas, sai ka ga Agadez ce farko da mutum ƙasa da rabin miliyan, Zinder mai sama da miliyan 3 da rabi tana can ƙarshe, tsakiya kuma sanduna na hawa na sauka ba tsari. Mai karatu sai ya tsaya yana auna su da ido kafin ya gane wace jiha ta fi wata, alhali aikin girafik kenan ya faɗa mishi nan take.

Dalili shi ne ggplot2, kayan zana girafik na manhajar R, in ka ba shi sunaye to jera su yake bisa haruffa, A zuwa Z, ba ruwan shi da yadda ka tsara tebur ɗinka. Shi ya sa wasu ke yin arrange() don jera tebur, su sake zanawa su ga babu abin da ya motsa. Maganin yana wajen factor, wato yadda R ke ajiye sunayen rukuni, nan ne layin yake zaune. In daga babba zuwa ƙarami kake so:

aes(x = reorder(jiha, -mutane), y = mutane)

Wannan ɗan layin ragi gaban mutane shi ke juya abin, Zinder ta zo gaba, Maradi da Tahoua na biye, sai Tillabéri, Dosso, Niamey, Diffa, Agadez. Amma a kula, reorder matsakaici yake lissafawa. In teburinka kowace jiha na da layi da yawa, misali kowane dapartama da nashi, geom_col, mai zana sandunan, zai tara su gaba ɗaya ya yi sanda guda alhali an jera bisa matsakaici, sai ka ga layin ya karkace ka rasa mi ya faru. Ka ƙara FUN = sum ciki, shi kenan.

Ba kome ake jerawa bisa girma ba fa. Watanni su ne suka fi ban haushi, don mu nan da Faransanci muke rubuta su, sai ka zana ruwan sama na shekara ka ga août ya zo farko, avril na biye, décembre na uku, damina ta watse ko'ina ba ka ma ganin yadda ruwa ke hawa daga Yuni ya kai ƙololuwa a Agusta. Nan kai za ka rubuta layin da hannunka:

wata = factor(wata, levels = c("janvier", "février", "mars", ...))

har décembre. Haka shekarun haihuwa, haka ajin lekol daga CI zuwa CM2. Kuma rubutun ya zama daidai da na cikin tebur, harafi da harafi. In ka sa fevrier ba ɗigon sama alhali tebur na da février, R ba zai yi maka kashedi ba, kawai zai maida shi NA, wato babu bayani, ka ga wata sanda mai suna NA a gefe. Tillabéri ma tana yawan jawo haka.

Masu Python ku naku da sauƙi, ko da wane kayan zane kuke aiki, matplotlib, seaborn ko plotly. matplotlib na bin layin da ya tarar, don haka sort_values("mutane", ascending=False) kafin zane ya isa. seaborn na da order= inda za ka zuba sunayen yadda kake so, plotly kuma update_xaxes(categoryorder="total descending").

In sandunan kwance ka yi, kuma ni na fi son su in sunaye na da tsawo, to na farko ƙasa yake sauka ba sama ba, a ggplot2 da matplotlib duka. Sai ka cire ragin nan cikin reorder, ko ka yi fct_rev() na forcats, a matplotlib kuma invert_yaxis(), babbar jiha ta dawo sama. In kana da rukunin "sauran" ka bar shi ƙarshe ko da ya fi wasu girma, fct_relevel(x, "sauran", after = Inf) na yin wannan.