Yadda na gyara matsalar yawan facin keke a hanyar Kano zuwa Zariya

Tun daga Kura tayar baya ke ta sacewa, in yi faci in buga iska, kafin Kwanar Dangora ta sake kwanciya, ga kaya a kariya ga rana. Kowa cewa yake ƙaya ce tunda gonaki muke ratsawa, amma da na ciro tif ɗin sai na ga duk hujin ta ciki yake, ɓangaren rim. Ashe robar da ke rufe kan sifok (wayoyin da ke riƙe rim) ce ta cinye, ƙarfen ke tsokanar tif. Na yanko tsohon tif dogo, na zagaye rim ɗin da shi, na huda wajen bawul, na ɗan shafa sholisho. Wallahi har Zariya ban ƙara taɓa famfo ba.