Yadda ake tambayar nisa da awo da Sifaniyanci

Masu shirin tafiya Sifen karatu ko kasuwanci, da 'yan uwa masu zuwa Malabo ta ƙasar Equatorial Guinea tunda can ma Sifaniyanci ake yi, ku fara da tambayar nisa don ita ce za ta fara kama ku daga sauka. Ka ce "¿Está lejos?" wato da nisa? Harafin j kamar h yake fita, lehos za ka ce. In kusa ne za ka ji "está cerca". In kana son lissafi sosai sai ka ce "¿A qué distancia está?"

Amsar ce abin lura, kullum da ƙaramin "a" ɗin nan take zuwa kafin adadi, kuma wallahi nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Ɗauki filin jirgin Abuja da ke wajen kilomita 40 daga cikin gari, za ka ce "está a cuarenta kilómetros", in ka cire "a" maganar ta gurgunce. Haka ma in da lokaci za ka auna kamar yadda muka saba, daga masauki zuwa kasuwa misali, "está a diez minutos a pie", minti goma a ƙafa kenan, in a mota ne "en coche". A Latin Amurka kuma za ka ji ana cewa "dos cuadras", wato ka wuce layi biyu. Mil sunansa milla, ana faɗinsa miya, kilomita 1.6 ne amma ba kasafai za ka ji shi ba.

A kasuwa manta da mudu da tiya, komai kan sikeli yake hawa. Shinkafa "un kilo de arroz", rabi "medio kilo", kwata "un cuarto de kilo". Tambayar nauyi "¿Cuánto pesa?", ta tsawo "¿Cuánto mide?", sai ka riƙe largo tsawo, ancho faɗi, alto tsayi sama. Hajiyoyi masu saro atamfa da leshi don Allah ku kula, a Sifen da metro, wato mita, ake yanka yadi, kuma yadinmu santimita 91 ne da ɗoriya, mita kuwa 100 cif, to in kika ce a ba ki shida kin sayi fiye da abin da telanki ke bukata.

Sai rubutun lamba, wannan kam yana iya jawo asarar kuɗi. A Sifen waƙafi suke sa wa inda muke sa ɗigo, 2,5 biyu da rabi ne, ana karanta shi "dos coma cinco", shi kuwa 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne ba ɗaya da rabi ba. Meziko irin namu suke rubutawa. Don haka kafin ka sa hannu a takardar kaya, tambayi mai sayarwa ya faɗa maka adadin da baki.