Yadda nake tantance ɗan wasan jami'a kafin zaɓen NFL

Duk watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ke zaɓar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye 7. In kana son gane wanda zai taɓuka abin kirki tun kafin a kira sunansa, fara da rufe ɗan bidiyon nan na minti uku mai nuna bajintar ɗan wasa kawai, da ake yaɗawa a YouTube. Mai tallar tumatir manyan yake ɗorawa a saman kwando.

Nemi cikakkun wasanni uku: wanda ya kara da ƙungiya mafi ƙarfi, wanda aka lallasa su, da ɗaya daga ƙarshen kaka lokacin da jiki ya gaji. In ka samu hoton da ake kira All-22, wanda ke nuna duka 'yan wasa 22 daga sama, to ka huta. Ka kafa wa mutum ɗaya ido, ka ƙyale ƙwallon.

A wurin kwatabak, mai jefa ƙwallo, ni ƙafafunsa nake fara kallo. Idan katangar 'yan wasan da ke kare shi ta fara rushewa, yana matsawa gaba taku ɗaya idonsa na can cikin fili, ko kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ranta a na kare? Sannan ka lura da lokacin da ƙwallo ke barin hannunsa. A jami'a sau da yawa mai cafewa yana tsaye shi kaɗai ba kowa kusa, kowa ma zai iya jefa masa. A NFL dole ka saki ƙwallo tun mutumin bai juyo ba. Wanda sai ya ga fili fetal yake jefawa, ina sa masa alamar tambaya komai ƙarfin damtsensa. Shi kuwa mai cafewa, dubi yadda yake ƙwacewa idan mai tsaro ya dafa masa ƙirji tun daga layin da ake fara wasa.

Sai gwajin Combine da ake yi a Indianapolis wajen ƙarshen Fabrairu: gudun yadi 40, tsalle, ɗaga ƙarfe mai nauyin fam 225. Abin kallo ne, amma kada agogo ya ruɗe ka. John Ross ya yi gudun a daƙiƙa 4.22 a 2017, ƙungiyar Cincinnati ta ɗauke shi na 9 a zaɓen, rauni da rashin tagomashi suka cinye shekarunsa. Tom Brady kuwa, kwatabak ɗin da daga baya ya zama gwarzon NFL, 5.28 ya yi a 2000, aka ɗauke shi na 199. Abin da ƙungiyoyi suka fi amfana da shi a can, duba lafiya ne da ganawa da 'yan wasa, mu kuma ba a nuna mana wannan.

Ƙirga yawan wasannin da ɗan wasan ya fara a jami'a, wato waɗanda aka buɗe da shi a fili. San Francisco ta sadaukar da manyan zaɓukanta ta ɗauki kwatabak Trey Lance na 3 a 2021, alhali wasa 17 kacal ya fara a jami'ar North Dakota State. Shekara ta zagayo ta ɗauki wani kwatabak, Brock Purdy, na 262, na ƙarshe ƙwal, wanda ya shafe kusan kaka huɗu yana jan ƙungiyar jami'ar Iowa State. Purdy ne ya kai su Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2024, Lance kuwa tun 2023 aka miƙa shi ƙungiyar Dallas.