Yadda za ku kammala haɗa jaridar mako-mako ba tare da kun ɓata da juna ba

In Juma'a jaridarku ke fita kasuwa to daren Laraba zuwa Alhamis shi ne daren tashin hankali, duk wanda ya yi aiki a ƙaramar jarida ya san haka. Ku bakwai ne ko takwas a kan shafi 16, edita shi ke rubuta sharhi shi ke bin kuɗin talla, ga direban da zai kai aiki maɗaba'a ya zauna yana kallon agogo.

Abu na farko, kar ku bari komai ya taru a wannan daren. Shafin addini, na mata, adabi, hira, duk waɗannan ba sa lalacewa, ku rufe su tun Litinin da Talata. Shafin farko da labaran da ke motsi kawai za ku bar wa daren ƙarshe. Talla kuma a sa mata lokaci a tsaya a kai, don shafuka huɗu-huɗu ake ƙarawa, mai talla ya zo ƙarfe tara na dare da cikakken shafi wallahi sai ya wargaza muku tsari gaba ɗaya.

Sai gyara. Kar mutum ya duba rubutunsa da kansa, idon da ya rubuta ba ya ganin kuskurensa, miƙa wa na kusa da kai ka karɓi nasa. Ku lura da ƙ da ɗ da ɓ sosai, sau da yawa a kwamfutarku lafiya lau suke amma a ta maɗaba'a su koma akwati-akwati, shi ya sa a PDF ake turawa da haruffan a ciki. Tun 1939 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya ake buga jarida da Hausa, bai kamata a ce yau ƙasa da kasa suna rikice mana a kanun labari ba.

Man janareta a saya tun da rana, kuma duk minti kaɗan a adana aiki, in an ɗauke wuta shafi ya tafi ba mai dawo da shi.

Wanda ya gama nasa kar ya ɗau jaka. Leƙa wajen mai tsara shafi, shi ne ya fi kowa shan wuya don komai a kansa yake ƙarewa, ka ce Malam me zan kama maka? Ko sunayen da ke ƙasan hotuna ka duba masa ya rage. A haɗa kuɗi a aika wajen mai shayi, a yi sallar Isha tare, in wani ya yi kuskure Oga ya bar faɗan sai taron Asabar, tsawa a wannan daren kuskure take ƙarawa.

Kuma mutum ɗaya ya bi aikin har maɗaba'a, ya ga kwafin farko da idonsa kafin a saki inji.