Yadda Ake Kula da Famfon Mai na A-kori-kura Mai Amfani da Gas

Duk wanda ya sayi a-kori-kura mai shan man gas a Jihar Kebbi, ko don dakon shinkafa daga fadamun Argungu da Suru, ko don kwasar albasa daga Aliero zuwa Jega, ya saye ta ne saboda ƙarfin ja da tsimin mai. Injin gas yana da juriya ƙwarai, amma akwai wuri guda a jikinsa da ba ya ɗaukar sakaci, wato babban famfon da kanikawa ke kira injakta famfo, wanda ke tura mai zuwa nozul, bakin da ke fesa mai cikin inji. Abin da ya kamata mai mota ya riƙe tun farko shi ne, a yawancin waɗannan motoci baƙin man inji ba ya shiga cikin wannan famfo. Gas ɗin da yake turawa shi ne maiƙon da ke hana ƙarafansa cin juna, shi ne kuma yake sanyaya shi, don haka lafiyarsa tana rataye ne a kan abin da aka zuba a tanki.

Da farko a san irin famfon da motar take da shi. Tsofaffin injuna irin 5L na Hilux suna da famfo mai rarraba mai ga kowace silinda bi da bi, kuma yakan yi haƙuri da man da bai cika kyau ba na ɗan lokaci. Sababbi kuwa, kamar 2KD da 1KD masu tambarin D-4D, da 1GD da 2GD da suka fito tun 2015, da takwarorinsu na L200 da D-Max da Ranger, suna aiki da tsarin komon rel, inda famfo ke tara mai a bututu guda da matsin da ke kaiwa bar 1,600 (bar ma'aunin matsi ne), a wasu ma ya haura 2,000, alhali iskar taya ba ta cika wuce bar 2 zuwa 3 ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan irin wannan famfo ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙurar da ido ba ya gani take iya kassara shi.

Wannan matsala ba ta tsaya a kanmu ba. A Amurka, famfon kamfanin Bosch da ake kira CP4 ya jawo ƙorafi da shari'u masu yawa daga masu manyan a-kori-kura. A cikin kamfanonin ƙera motoci, Ford ta fara sa shi a injinta mai lita 6.7 a 2011, GM ta yi amfani da shi daga 2011 zuwa 2016, Ram kuma ta sa shi a motocin 2019 da 2020, sannan a 2021 ta kira motoci sama da 200,000 domin a canza musu shi. A cikin famfon akwai wani ɗan ƙarfe mai mirginawa a kan sandar da ke juyawa. Da zarar maiƙo ya yi ƙaranci ko iska ta shiga, sai ya daina mirginawa ya koma gogawa, ɓurɓushin ƙarfen kuma ya bi mai ya watsu ko'ina. Idan haka ta faru a ƙasar da ake tsananta binciken ingancin mai, to mu da muke sayen gas a jarka a bakin titi mun fi kowa bukatar taka-tsantsan.

Wajen sayen mai ne ake yin rabin aikin. A nemi gidan man da manyan motoci ke yawan sha, domin mansa ba ya daɗewa a rijiya, kuma a guji shan mai daidai lokacin da tanka ke sauke kaya, saboda a lokacin ne laka da ruwan da suka kwanta a ƙasa suke tasowa. Na san cewa direban da ke bin hanyar Koko zuwa Yauri, ko wanda ya nufi ƙauyukan bayan Kamba da Bagudo, wani lokaci ba shi da zaɓi sai man 'yan bumburutu. Idan ta kama dole, to ya riƙa tafiya da farar kwalba mai tsabta, ya zuba kaɗan a ciki, ya ajiye na wasu mintoci, sannan ya ɗaga ta a hasken rana. Gas mai kyau garau yake, ana hango yatsa ta bayan kwalbar. Idan ya yi hazo-hazo, ko aka ga ƙananan ɗigo sun taru a gindi suna gangarawa idan an karkata kwalbar, wannan ruwa ne. Idan kuma ya yi tsinkakke a tsakanin yatsu yana warin kananzir, an gauraya shi, kuma kananzir ba shi da maiƙon da famfo yake bukata. Wanda ke ajiye mai a durom a gona ko a gida ya bar shi ya kwana bayan an kawo, ya ɗebo daga sama ba daga gindi ba, ya rufe bakin durom daga ƙurar hunturu da ruwan damina, kuma kada ya ajiye gas a mazubin da aka shafe da zinki, domin man yana narkar da shi ya kai shi cikin nozul.

Sai filta, wadda ita ce kariya ta ƙarshe kafin mai ya isa famfo. A ganina, arhar filta ita ce tsada mafi muni a wannan mota, domin ta jabu tana kama da ta asali a ido, amma takardar cikinta tana barin datti ya wuce. A sayi ta asali ko da kuɗinta ya ninka, kuma a yanayinmu na ƙura kada a jira wa'adin da littafin mota ya yanka ya cika kafin a canza. A gindin filtar akwai wurin da ruwa ke taruwa, da wani ɗan murfi da ake warwarewa da hannu. A sa kwano a ƙasa, a sassauta murfin, a danna famfon hannu da ke saman filtar har sai ruwan ya ƙare tsantsar gas ya fara fita, sannan a ɗaure. Idan fitilar ruwa ta kama a dashbod, a tsaya a yi wannan nan take. Kada a ce sai an isa Birnin Kebbi. Wasu kanikawa sukan cika sabuwar filta da gas daga jarka kafin su ɗaura, alhali wani ɓangare na wannan man yana wucewa ne ba tare da an tace shi ba. A ɗaura ta a bushe, a cika ta da famfon hannu har ya yi tauri.

Kada a bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, domin a gargada man yana kaɗawa famfo ya zuƙi iska. Idan mai ya ƙare ƙaf, a fitar da iskar da famfon hannu kafin a buga kik, kuma kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a bugu ɗaya. Idan aka yi kuskuren zuba fetur, kada ma a murɗa makulli. A tura motar gefe a juye tankin. Dabarar nan ta zuba baƙin mai a tanki wai don ƙara maiƙo, ba ta dace da komon rel ba ko kaɗan.

Alamomin matsala sukan fara a hankali: mota ta daɗe tana kik kafin ta tashi, musamman idan inji ya yi zafi, silo ya riƙa hawa da sauka, a taka totur da kaya a hawa ta kasa amsawa, ko ta mutu a tsakiyar tafiya sannan ta sake tashi bayan ta huta. Sai dai ko ɗaya daga cikin waɗannan bai isa a yanke wa famfo hukunci ba, kuma nan ne masu motoci suka fi yin asara. Toshewar filta tana kawo su, tsagewar tiyo da ke shigar da iska tana kawo su, nozul mai mayar da mai da yawa zuwa tanki yana kawo su, haka ma ɗan bawul ɗin nan na jikin famfon kamfanin Denso da ake kira SCV, mai daidaita man da famfo ke zuƙa, wanda ake iya canza shi shi kaɗai. A sa na'urar bincike a karanta lambar matsala. P0087, alal misali, tana nufin matsin mai ya yi ƙasa, amma ba ta faɗi wanda ya jawo ba. Makanike nagari zai fara da filta, ya sa farin tiyo ya duba kumfa, ya auna man da kowane nozul ke mayarwa, kafin ya taɓa famfo. Kuma kada kowa ya sassauta bututun nozul ko ya laluba yoyo da hannu inji yana aiki, domin man da ke fita da wannan matsi yana huda fata.

Binciken da ya fi kowanne muhimmanci shi ne neman ɓurɓushin ƙarfe. A juye man cikin filta a farin kwano, ko a ciro bawul ɗin famfon a duba ragarsa a rana. Idan aka ga ƙananan abubuwa suna ƙyalli, a kusantar da mayen ƙarfe. In suka manne, famfo ya fara cin kansa, kuma daga nan ba a sake tayar da motar, janwe ake nema. A wannan hali canza famfo kaɗai zubar da kuɗi ne, domin ɓurɓushin ya riga ya shiga nozul da bututun rel, ya kuma koma tanki ta tiyon mayarwa, sabon famfon zai sake zuƙo shi. Dole a sauke tanki a wanke, a canza filta da rel da bututun ƙarfe, a kai nozul inda ake da injin gwaji, a canza duk wanda ya gaza. Famfo ɗan Kwatano kuwa kada a biya kuɗinsa sai an ɗora shi a injin gwaji a gaban mai saye. Bayan an haɗa komai, a tabbata an shigar da lambobin sababbin nozul a kwamfutar motar, an kuma sa ta ta sake koyon sabon famfon, sannan a canza filta karo na biyu bayan 'yan kwanaki ana aiki, a yanka tsohuwar a duba ko akwai sauran ƙyalli.