In za ku kai yaro yawo cikin Kano, wuri ɗaya ya isa a rana

'Yan uwa masu ƙananan yara, ku daina haɗa Gidan Zoo da gidan tarihi na Gidan Makama da Kasuwar Kurmi a wuni ɗaya. Ku zaɓi guda, ku fita da sassafe, ku dawo masauki kafin azahar.

Yaro ɗan shekara 2 ko 3 yana da lokacin barcinsa na rana. In lokacin ya same ku a titi, kuka zai fara, ku kuma ku shiga sayen lemo da biskit don lallashi, ga kuɗin adaidaita sahu na komawa ba shiri. A watan Maris da Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, wallahi babba ma yana jin jiki.

Ku riƙe ruwa da abincinsa daga gida, da zanin goyo, don lungunan Kurmi ba sa ɗaukar keken yara.

Dabarar fita da sassafe ba ta aiki lokacin hunturu, sanyi da ƙurar safe na iya sa yaro mura, sai ku bari hantsi ya yi. Ranar Juma'a kuma ku bar cikin gari tun kafin cunkoson masallaci.