Kurakuran da sabbin masu tirela ke tafkawa kan inshora a Amurka

Duk wanda ya shekara biyu ko uku yana jan tirelar kamfani a Amurka, wata rana sai zuciya ta raya masa cewa lokacin cin gashin kai ya yi. Ya zauna ya lissafa kuɗin kan mota, da na dizal, da na taya, har da abin da zai riƙa aikawa gida. Inshora kuwa sai ya tura ta ƙarshen takarda, saboda a gida mun saba da ita a matsayin 'yar takardar da ake cusawa a aljihun mota don nuna wa 'yan sanda a shinge. A nan kuwa ita ce ke kayar da mutum tun bai ɗauki lodin farko ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen mota kafin a tambayi farashin inshora. Na taɓa tsayawa da wani ɗan'uwa a filin ajiye manyan motoci, makullin Freightliner ɗin da ya saya jiya-jiya a hannunsa, waya a kunne. Da wakilin inshora ya faɗa masa kuɗin shekara, sai ya ce a maimaita, ya ɗauko biro ya rubuta a tafin hannunsa, ya yi shiru yana kallon lambar. Sabon mai lambar MC, wato lambar izinin ɗaukar kayan haya da sunan kansa, ba shi da tarihin da kamfani zai duba, don haka ana ɗora masa farashin wanda ba a sani ba. A shekarar farko abin yakan haura dala 12,000, wani ma har ya wuce 20,000, gwargwadon jiha da shekarun lasisin tuƙin babbar mota (CDL) da irin kayan da za a ɗauka. Kuma sai an ba da kafin alƙalami mai tsoka, sauran a biya wata-wata da kuɗin ruwa a kai. Maganin ba wuya: ka karɓi lambar jikin motar da kake zawarci, ka kai wa wakilai biyu ko uku su yi maka farashi, sannan ka yi ciniki. Idan lissafi bai fita ba, ka shigar da motarka ƙarƙashin lambar wani kamfani na shekara ɗaya ko biyu. Shi zai ɗauki nauyin babbar inshorar, kai ka sayi ƙananan.

Sai masu tsayawa kan abin da doka ta ce kawai. Hukumar FMCSA, mai kula da manyan motocin haya a matakin tarayya, ta kayyade dala 750,000 a matsayin mafi ƙarancin inshorar ɓarnar da ka yi wa wasu, ga mai ɗaukar kayan yau da kullum tsakanin jihohi. Adadin ya samo asali ne daga dokar 1980, kuma har yau bai motsa ba. Amma yawancin dillalan lodi ba sa ko kallonka sai kana da dala miliyan 1, da kuma ta kaya ta dala 100,000. Ka sayi ta 750,000, doka ta bar ka, kasuwa ta ƙi ka.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ƙarya a takardar neman inshora, kuma mutanenmu ba sa ɗaukar ta ƙarya, dabara suke ce mata. Mutum yana zaune a Bronx, motar na kwana a New Jersey, sai ya ba da adireshin abokinsa na wata jiha mai arha. Ko ya ce ba ya wuce mil 500 daga gida, alhali sati-sati yana hanyar Texas. Ko ya bar ƙaninsa ya ja motar ba tare da an sa sunansa cikin direbobin da aka yi wa rajista ba. Watanni za su yi ta tafiya lami lafiya. Ranar da tsautsayi ya faɗa, mai bincike zai buɗe na'urar da ke rubuta sa'o'in tuƙi, ya haɗa da rasiɗin dizal da na kuɗin hanya, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wasu na dogara da takardar MCS-90, wadda dokar tarayya ta sa ake liƙa wa babbar inshorar, wai ko ta halin ƙaƙa kamfani zai biya. Zai biya, amma wanda aka yi wa ɓarna zai biya, sannan ya juyo kanka ya karɓi kuɗinsa. Takardar an yi ta ne don kare jama'a, ba don kare aljihunka ba.

Inshorar kaya kuma a karanta shafin abubuwan da aka cire, don a nan maganar take. Mai jan firij da bai sayi kariyar lalacewar injin sanyi ba, idan kaji suka narke a hanya, asarar a kansa take. Wasu takardun ba sa biyan satar da aka yi a motar da aka bari ba kowa, wasu sun cire kayan lantarki da sigari da giya. Mai jan bodin wasu da kan motarsa kawai, sai ya tabbatar akwai kariyar bodin da ba nasa ba.

Darajar motar ma ana kuskure a kanta ta fuska biyu. Ka rage ta don kuɗin wata ya sauka, ranar da ta ƙone a ba ka abin da ka rubuta, banki na jiran cikon bashinsa. Ka kumbura ta, ka yi ta biyan kuɗin banza, tunda yawanci ba a biyan fiye da farashinta na kasuwa a ranar haɗarin.

Wanda ke ƙarƙashin wani kamfani kada ya ɗauka an rufe shi ta ko'ina. Idan ya ja kan mota don harkar kansa, inshorar kamfani ba ta tare da shi, sai ya sayi wadda ake kira bobtel, ta jan kan mota ba bodi, ko 'yar'uwarta ta tafiyar da ba ta aiki ba. Ya tambaya a bayyana masa bambancinsu, don ba ɗaya ba ne.

Kada kuma a yi wasa da biyan wata, ko da kasuwa ta mutu. Da an soke inshora, kamfanin zai sanar da FMCSA, bayan kwana 30 izinin aikinka ya shiga haɗarin janyewa, dillalai kuma suna gani a kwamfuta. Giɓin zai bi ka zuwa lokacin sabuntawa. Kafin lokacin da wata biyu, ka nemi takardar tarihin diyyarka daga kamfanin, ka ciro rahotonka na PSP, mai nuna haɗurran shekara 5 da binciken kan hanya na shekara 3, ka sa a gyara kuskuren da ka gani a ciki, sannan ka fita neman sabon farashi.